Kukan Firji Mai Ciwon Ciki

Ranar da Auta ta fara aiki a gidan rediyon, ba son aikin ne ya kai ta ba. Mutum ɗaya ta zo nema, kuma ga shi ya turo ƙofar situdiyo da kafaɗa, kofin shayi a hannu ɗaya, takardu a ɗayan.

Ta leƙe shi ta gilashin da ya raba ɗakin injina da ɗakin magana. Dogo ne, rigarsa a goge, yana wani murmushi irin na wanda bai taɓa zaton yana da maƙiyi a duniya ba. Abin ya ƙara mata haushi, don ta so a ce mummuna ne.

"Ke ce sabuwar injiniyarmu? Sannu da zuwa. Ni ne mai sharhin kiɗa na gidan nan."

"Na sani," ta ce.

Ai kuwa ta sani, sani ma na haƙiƙa.

Auta ta shafe shekaru tana haɗa wani albam mai suna Dogon Numfashi. Ba irin kiɗan da ake takawa ba ne. Babu ganga, babu baiti, babu murya. Sauti ɗaya ake kamawa a ja shi ya yi ta tafiya, yana kauri yana sirancewa a hankali, har mai saurare ya ji numfashinsa ya bi shi. A shagon Babanta ta naɗi sautukan, don shi mai gyaran firji da fanka ne, kuma cikin gurnanin injinan nan ta girma tun bayan rasuwar mahaifiyarta. Ta fitar da albam ɗin da sunan Baƙuwa, ba hoto, ba komai.

Sai wannan bawan Allah ya ɗauko shi a shirinsa ya ce, "Jama'a, na saurari abin nan don kada ku wahala. Kukan firji ne mai ciwon ciki. Wadda ta yi shi ta nemi mai gyara, ba mai saurare ba."

Shi ke nan gari ya ɗauka. Sauran masu sharhi, da yake bakinsa suke bi, kowa ya zo ya yi nasa dukan. Mai zauren da ya yi mata alkawarin gabatar da albam ɗin ya daina ɗaga wayarta. Amma duk wannan mai sauƙi ne. Baba a rediyon shagonsa ya ji maganar, a gaban mutane, suna ta ƙyaƙyata dariya ba su san 'yarsa ake nufi ba. Ya dawo gida idonsa jawur, ko abinci bai taɓa ba. A ranar Auta ta rantse sai mutumin nan ya ɗanɗana abin da Babanta ya ɗanɗana.

Ba ta daɗe a aikin ba ta yi masa tambaya, kamar wadda ba ta damu ba.

"Wai albam ɗin Baƙuwar nan da ka yi wa kaca-kaca, a ina ka saurare shi?"

"A waya mana, ina cikin mota ana cunkoso. Ban ma kai rabi ba."

Auta ta ji kamar an watsa mata ruwan zafi. A waya! Rabin albam ɗin sautin ƙasa ne mai zurfi, irin wanda ƙirji yake ji kafin kunne, kuma 'yar lasifikar waya ba ta iya fitar da shi ko kaɗan. Ashe ma bai ji abin da ya zaga ba. Ta yi masa murmushi, a ranta kuwa tana cewa za ka ci ubanka, yaro.

Washegari ta ɗana tarkonta. Da ya fara magana a shirinsa, sai ta saka Dogon Numfashi a ƙarƙashin muryarsa, ƙasa-ƙasa, ta tura masa shi cikin hedifon mai kyau da ke kunnensa. Ta ga ya ɗan tsaya, ya gyara zama, ya lumshe ido. Kullum sai ta ƙara kaɗan.

Masu saurare suka fara aiko saƙo suna tambayar wane sauti ne wannan mai kwantar da rai. Shi ma ya tambaye ta.

"Wani abu ne na tsinta," ta ce.

Da yamma sai ga saƙonsa a wayarta, inda ta ajiye lambarsa da sunan Kunnen Ƙashi:

"Injiniyata, kin isa gida lafiya? Tun da kika zo muryata ta yi daɗi. Ko dai ni ne na fara jin daɗin duniya?"

Ta amsa: "Na isa. Muryarka tana nan yadda take, ni ce nake wanke ta."

"To ki wanke har da zuciyar, ta daɗe da ƙura."

Yayarta, da ke ninke kaya a bakin gado, ta kalle ta. "Auta, wannan murmushin na maƙiyi ne?"

"Na farauta ne, Yaya. Ramuwar gayya ai ta fi gayya zafi."

"Uhm. In za ki gina ramin mugunta, gina shi gajere."

Yaya ta yi gaskiya, don abin ya fara fin ƙarfin Auta. Mutumin nan ya lura tana mantawa da cin abinci in aiki ya yi yawa, sai ya riƙa ajiye mata abin taɓawa a gefen injin. Ya ba ta labarin mahaifiyarsa da ke kiransa bayan kowane shiri don ta gyara masa kurakurai. Wata rana ya raka ta tashar mota, ya tsaya yana wasa da makullinsa.

"Injiniyata, ni fa ba wasa nake ba. Ina son ki. Ki ba ni izini in zo in gaida Baba."

Ta ji daɗi, ta kuma ji haushin kanta da ta ji daɗin.

A satin ne ya buɗe baki a rediyo ya ce, "Jama'a, sautin nan da kuke ji a ƙarƙashin muryata, ban taɓa jin abin da ya ratsa ni kamarsa ba. Wanda ya haɗa shi gwani ne, na cire masa hula."

Auta ta naɗe maganar tsaf. Ta shiga ma'ajiyar tsofaffin shirye-shirye ta ciro zagin nan na farko, ta jera su wuri guda. Tarko ya kammala, amma hannu ya ƙi dannawa. Sai ta ce bari ta ba shi dama guda.

"Da za ka sake sauraren albam ɗin Baƙuwa da kunne mai kyau, ba ka ganin za ka canza ra'ayi?"

Ya yi dariya. "Haba ƙaunata, ni ba na amai in lashe. Firji ai firji ne."

To fa. Ta tuno idon Baba. Duk wani tausayi ya gudu.

Washegari ana tsakiyar shiri kai tsaye, ta rufe makirufonsa ta saki muryarsa ta da: kukan firji ne mai ciwon ciki. Ta bi ta da ta yanzu: gwani ne, na cire masa hula. Sannan ta buɗe nata makirufon.

"Masu saurare, albam ɗaya ne yake magana a kai. Na farko a waya ya ji shi, cikin mota, bai kai rabi ba. Ni ce Baƙuwa. Firjin kuma na Babana ne, lafiyarsa ƙalau."

Ta cikin gilashi ta ga fuskarsa. Bai yi fushi ba, kallonta kawai ya yi, ya cire hedifon ya ajiye a hankali ya fita.

Gari ya sake ɗauka, wannan karon shi ake yi wa dariya. Aka dakatar da shirinsa, ita ma aka sallame ta, amma hakan bai dame ta ba. Masu sharhin da suka zage ta jiya suka wayi gari suna rantsuwa tun farko sun san albam ɗin na daban ne. Mai zaure ya kira da kansa. Baba ya yi ta tsayar da masu wucewa a bakin shago yana cewa, "Kun ji 'yata? Kun ji yadda ta yi masa?"

Auta ta ji daɗi, ba ƙarya. Amma daɗin bai kai inda ta zata ba. Sai ga saƙo:

"Abin da kika yi min na cancanta. Tambaya ɗaya ce da ni. A cikin duk abin da ke tsakaninmu, wanne ne gaskiya, wanne ne tarko?"

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Daga ƙarshe ta tura: "Zuwana tarko ne. Abin da ya biyo baya ban shirya shi ba."

Bai amsa ba. Ta yi kuka har Yaya ta gaji da rarrashi.

Ana haka wani furodusan waƙoƙi mai ƙamshin turare ya fara sintiri gidansu, wai aure yake nema. Baba ya ji daɗinsa, don bakinsa ba ya gajiya da yabon albam ɗin. Auta ta zuba masa ido ta ce, "Wane wuri ya fi burge ka?"

"Ai wajen gangar nan ta ƙarshe! Kai, ta tashi kaina!"

"Babu ganga a ciki. Ka gaida gida."

Bayan an kwana biyu Mai Sharhi ya fitar da sabon sharhi a shafinsa. Ya ce ya yanke hukunci kan abin da bai ji ba, kuma wannan ba sharhi ba ne, zalunci ne. Ya nemi afuwar Baƙuwa da mahaifinta. Ya ce ya zauna ya saurari Dogon Numfashi tun daga farko har ƙarshe, kashi na biyu ya sa shi hawaye. Sannan ya ƙara da cewa kashi na uku ya yi tsawo fiye da kima.

"Ji min mutum!" Auta ta miƙe tsaye da wayar a hannu. "Yana neman afuwa yana ƙara tsokana!"

"To me ya sa kike dariya?" in ji Yaya.

Ba a daɗe ba Mai Sharhi ya sake neman izinin zuwa, ta ba shi. Da ya zo shagon gaida Baba, ya durƙusa tsakanin wata fanka da aka kwance da wani tsohon firji. Baba bai ko ɗago daga wayar wutar da yake fere wa baki ba.

"Kai ne mai ciwon ciki?"

"Ni ne, Baba. Ku yi haƙuri, na yi kuskure."

"Ka zagi 'yata, ka zagi sana'ata, yanzu kuma ka zo neman aure. Ba zan ba ka ba."

Auta tana raɓe a bakin ƙofa tana ji. Ita ta shuka ƙiyayyar nan a gidan, ita ta yi ta ba ta ruwa, yau ga shi ta tare mata hanya.

"Baba," ta ce a hankali, "na riga na rama. Har da ƙari."

"Ke kika rama, ni ban rama ba." Ya nuna wa saurayin benci. "Zauna nan. Za a kunna albam ɗin gaba ɗaya a gabana. In ka motsa ko ka yi hamma, ka kama hanya."

Aka kunna. Sautin ya cika shagon, har kwanon kusoshi yana ɗan rawa a kan tebur. Mai Sharhi ya zauna kamar an dasa shi. Baba ya harɗe hannu yana harararsa. Kashi na ɗaya ya wuce, na biyu ya wuce. Ana shiga na uku sai aka ji wani sabon sauti ya shigo wanda Auta ba ta naɗa ba. Baba ne yake minshari, kansa a jingine da firji.

Auta ta toshe baki da mayafi. Shi kuwa bawan Allah ko motsi bai yi ba har aka gama.

Shirun ne ya tashi Baba. Ya goge baki ya murtuke fuska. "To, me ka ce?"

Auta ta yi ta ƙifta masa ido ya yi shiru da bakinsa. Ina!

"Baba, aiki ne da ban taɓa jin irinsa ba. Amma kashi na uku ya yi tsawo."

Baba ya kalle shi. Sannan ya juya wajen 'yarsa, kamar mai jin kunya. "Auta, kada ki ji haushi. Ni ma ban taɓa ganin ƙarshen na ukun nan ba."

"Baba!"

"Gaskiya ce. Wancan mai turaren ya yabi abin da babu. Wannan kuwa yana neman 'yata a hannuna, amma bai yi min ƙarya don in ba shi ba. Tashi, ɗana. Ka turo manyanka."

Ranar da aka ɗaura auren, bayan jama'a sun ragu, ango ya matso kusa da amaryarsa ya rage murya.

"Injiniyata, yanzu dai kin yafe min ko?"

"Wa ya faɗa maka? Duk albam ɗin da zan yi har ƙarshen rayuwata, kai za ka fara saurare, a zaune, daga farko har ƙarshe. Kuma ka faɗa min gaskiya ko zan yi kwana uku ba na kula ka."

"Na karɓi hukuncin."

Baba ya ƙaraso ya dafa kawunansu.

"Na raine ta ni kaɗai, ban taɓa bari kowa ya sa ta kuka ya kwana lafiya ba. Yau na bar maka ita. Allah Ya yi muku albarka, Ya ba ku zaman lafiya da zuriya ta gari, Ya sa kowannenku ya saurari ɗan'uwansa har ƙarshe."

Suka ce amin. Auta ta riƙe hannun Babanta, ta kasa saki.