Ƙwanƙwasa Uku a Wutsiyar Waƙa

Ƙarfe tara na safe wata mata ta faɗo ofishin Sufeto ko sallama babu, waya a hannu.

"Yallabai, mahaifina ne. Tun jiya da safe ya fita bai dawo ba. Ciwon suga gare shi, ga allurarsa nan a gida."

Sufeto ya ajiye biro. Ciwon nan ne ya ɗauke nasa mahaifin, ya san ba ya jiran ɗan sanda ya gama cike takarda.

"Wane ne mahaifin naki?"

"Baba Mai Faifai."

Wa bai san sunan ba? A da, mawaƙin da bai shiga ɗakin ɗaukar waƙa na Baba Mai Faifai ba, bai ma fara waƙa ba. Shi da ƙanensa suka kafa wurin, wan yana ɗaukar murya, ƙanen yana buga kaset yana bin kasuwanni. Sai zamani ya juya musu baya, kowa ya koma jin waƙa ta manhajar waya. Shekara shida ke nan da aka garƙame wurin.

"Me ya fita da shi?"

"Kaset ɗaya da yake ɓoyewa a akwatin ƙarfe. Waƙar ƙarshe ce ta marigayi Kanari. Yana kwance ciwon ajali ya roƙi Baba kada kowa ya ji ta. Duk shekara Baba yakan kai kaset ɗin can ya juya shi a na'ura, wai don kada zaren ya manne."

"Kin duba can ɗin?"

"Na je. Kwaɗo ne a ƙofa ta waje. Na yi kira har muryata ta dushe." Ta tura masa wayar. "Yau kuma ga waƙar a manhaja. Yallabai, in dai Baba yana numfashi, waƙar nan ba za ta fito ba."

Abin da Sufeto yake tsoro ke nan.

"Wa ke da makulli bayan shi?"

"Baffana."

Suka sami baffan a wani ɗan shago, yana sayar da caja da rigar waya. Yana ganin kakin 'yan sanda ya miƙe, har ya ture kujera.

"Yaushe rabonka da wanka?" in ji Sufeto.

"Yaya? Ya kai sati biyu, ranka ya daɗe."

"Makullin ɗakin waƙa fa?"

"Ai ya ɓace tuntuni. Me zan yi a can? Wurin ya zama gidan ɓeraye."

"Ka ji sabuwar waƙar Kanari?"

"Ni waƙa ta fita raina."

Safiya ce, fanka na juyawa, amma gumi ya jiƙe wa baffan wuya. Ya zaro hankici daga aljihu, sai wani dunƙulen auduga ya biyo shi ya faɗi ƙasa. Sufeto ya ɗauka. Warin sifirit take, ga wani datti ruwan tsatsa a jikinta.

"Ciwo na goge da ita," baffan ya yi sauri ya ce.

"Ina ciwon?"

Ya dubi hannayensa, bai samo ko ƙwarzane ba. Sufeto ya ce wa Sajan ɗin da ya rako su ya tsaya tare da baffan.

A mota ya nuna wa matar audugar.

"Da irinta ake goge kan na'urar kaset kafin a kunna," ta ce. "Tun ina ƙarama nake miƙa wa Baba."

To, baffan ya taɓa na'ura ke nan. Sufeto ya sa abin ji a kunne, ya kunna waƙar. Muryar mamacin ta cika masa kai. Waƙa ta ƙare, amma sautin bai yanke ba. Shiru ya biyo baya. Can ƙasa-ƙasa sai ya ji ƙwas, ƙwas, ƙwas. Aka ɗan tsaya, aka sake guda uku.

Ya miƙa mata. Tana ji ta saki ƙara ta cire abin daga kunne.

"Innalillahi! Marigayin ne?"

"Matattu ba sa ƙwanƙwasa, Hajiya. Sake saurara."

Ta mayar da shi kunne. Sai idonta ya kawo ruwa.

"Zoben Baba ne a jikin gilashi. Haka yake yi in yana so a tsayar da ɗauka. Sau uku."

"Wane gilashi?"

"Na ƙaramin ɗakin da mawaƙi ke shiga. An lulluɓe bangonsa da soso, ko ihu ka yi ba a ji a waje."

Sufeto ya ƙwala wa Sajan kira ya taho da baffan. Suka nufi tsohon ɗakin ɗaukar waƙar.

Sajan ya ɓalle kwaɗon da ƙarfe. Ƙura ta lulluɓe komai a ciki, ban da na'urar kaset da ke ƙyalli. Bayan gilashi ga tsoho a zaune ƙasa, ya jingina da bango, kansa ya langaɓe. An tokare ƙofarsa da benci.

Sufeto ya yi jifa da bencin, ya durƙusa ya dafa wuyan tsohon. Da farko bai ji komai ba. Sai can jijiya ta harba, a hankali.

"Da ransa! Sajan, mota!"

Baffan ya zube a ƙasa.

"Wallahi ban yi niyyar kashe shi ba. Na ce masa, Yaya, sana'armu ta mutu, waƙar nan kaɗai ta rage mana, a sa ta a waya mu ma mu ga haske. Ya ce alkawari kaya ne. Sai na tura shi ciki, da nufin in buɗe in na gama naɗa. Da na ɗago na gan shi ya sulale, na zaci ya cika, na gudu."

"Amma tsoron bai hana ka sa waƙar ba."

Baffan ya kau da kai.

"Makirfon da ke cikin ɗakin har yanzu a haɗe yake da na'urar," in ji Sufeto. "Me ya sa ba ka yanke ƙarshen ba?"

"Yaya ne ya koya min. Ba a yanke wutsiyar waƙa, sai an bar zare ya ɗan yi gaba."

Ankwa ta shiga hannunsa. Sajan ya tasa ƙeyarsa zuwa waje, inda mutane suka taru.

Ana fitowa da tsohon, iska ta buge shi, ya buɗe ido. A cikin 'yan kallo wayar wani tana rera waƙar Kanari. Tsohon ya kama hannun 'yarsa.

"Kaset nawa aka buga?" ya tambaya da ƙyar. "Ki bi shagunan ki karɓo su duka."

Ta dubi Sufeto. Sufeto ya sunkuyar da kai, ya rufe ƙofar motar.

"To, Baba," ta ce. "Zan karɓo."