Aljanin Tukunyar Tsami

Da magariba abin ya fara. Inna tana tsugune a madafa tana duba madarar da ta kwantar tun safe, sai dutse ya faɗo a kan rufin kwano, ya gangaro a hankali kamar mai neman ƙofa. Ta kasa kunne. Babu yaro a layin, babu iska. Madarar kuma ta ƙi kamawa, ruwa tsululu, sai warin ruɓa.

Na madarar dai ta san dalili. Tukunyar tsamin nan gadon kakarta ce. Kullum takan rage cokali guda na jiya ta zuba a madarar yau, ta yi kauri, ta yi ƙanshi. Maigidan, mai shagon sabulu, ya daɗe yana yatsina fuska in ya gifta ta. Ranar da Inna ta tafi dubiya, ya kwarara wa tukunyar maganin wanke banɗaki, ya dirje ta, ya kife a rana. Da ta dawo ya ce ya raba gidan da ƙazanta. Kallo ɗaya ta yi masa, irin wanda ake yi wa akuyar da ta shiga ɗaki.

Jifa ya ci gaba, kowace faɗuwar rana. Daga baya aka fara jin tsaki a bayan randa, dogo, na raini. Maigidan da ya yi ta cika baki cewa yaran maƙwabta ne, ya koma ba ya shigowa sai an kunna kowace fitila. Wata yamma Inna ta tarar da 'yarsu Auta zaune a madafa, rungume da tukunyar, idanu a kafe, ba ta amsa kira.

Aka ɗauko mai ruƙiyya, wani dattijo marar gaggawa. Ya zauna ya fara karatu, gidan ya yi tsit. Can bakin Auta ya buɗe, muryar tsoho ta fito.

"Ina mai sabulun?"

Mai sabulu yana bayan ƙofa, ƙafafunsa kawai ake gani.

"Me ka zo nema a jikin yarinya?" in ji dattijon.

"Haƙƙin maƙwabtana. Kada ku ɗora mini aikinsu, ba ni ke sa madara tsami ba. Wasu 'yan halittu ne, idonku ba ya kai musu, nawa yana kai. Suna cin zaƙin madara, su bar tsamin da ke korar masu ruɓar da ita. Tun kakar matar nan suke hayayyafa a tukunyar, ni ƙanshinsu kawai nake shaƙa. Da nononsu sakaran nan ya yi tumbi, ya kashe su yana murmushi. A dawo da su, in fita."

"Ba ka da sharaɗi a nan," in ji dattijon.

Karatun ya ƙaru. Jikin Auta ya sandare, Inna ta danne kukanta da gefen zane.

"To ya faɗa da bakinsa cewa bai san abin da yake yi ba," in ji muryar tana haki.

Dattijon ya waiga ƙofa. "Wannan ba don aljanin ba ne. Gaskiya ce, faɗe ta."

"Ban sani ba," in ji maigidan, ƙasa-ƙasa.

Muryar ta yi tsakin nan. "Na tafi. Gidan ma ba shi da sauran ƙanshi."

Auta ta yi atishawa, ta sulale a jikin uwarta, ta nemi ruwa.

Sai a lokacin maigidan ya fito yana gyara hula. "Yanzu madarar za ta kama, ko?"

"Aljani na fitar," in ji dattijon yana neman takalminsa. "Matattu ba na tayarwa."

Inna ta ɗauko kofi ta miƙa wa mijinta ba tare da ta dube shi ba.

"Bi gida-gida ka roƙo cokali ɗaya na tsami. In sun tambaye ka ina namu, ka faɗa musu abin da ka faɗa wa aljanin."

Ya fita, yana ɓoye kofin a cikin riga.