Awara a Takardar Ɗan Ƙasa

Madam Ukamaka, mai shagon zare da maɓalli a Tudun Wada, ta faɗo ofishin Sufeto Kailani tana huci, idanunta jawur.

"Oga, wai ni ce 'yar damfara? Shekara ashirin ina Zariya, ko allurar wani ban taɓa ci ba!"

An yi rajistar layin waya da lambarta ta ɗan ƙasa, aka damfari mutane da shi. Ranar Alhamis za a gurfanar da ita a kotu.

"Wa kika taɓa bai wa lambar?"

"Ƙungiyarmu ta 'yan kasuwa kaɗai. Suka ce sai da kwafin takardar ɗan ƙasa."

Sakataren ƙungiyar, Sharfaddeen, ya tarbi sufeton a ofishinsu da fara'a har kunne.

"Yallaɓai, takardun mutane suna kulle a kabad, kamar yadda doka ta ce."

"Buɗe."

Ya buɗe kabad ɗin. Wayam, sai ƙura.

"Af, na manta. Na ƙona su."

"Yaushe? A gaban wa? Ina rubutun shaida?"

Sharfaddeen ya hau sosa ƙeya.

Kailani ya fito ransa a ɓace. A bakin ƙofa wata mai awara tana sallamar wani dattijo. Idon sufeton ya sauka kan takardar da ta naɗe awarar: hoton mutum, suna, lamba goma sha ɗaya, duk mai ya jiƙa su.

"Baiwar Allah, ya sunanki?"

"Zinariya."

"Ina kika samo wannan?"

"Malam Sharfaddeen ke ba ni. Wai sona yake." Ta taɓe baki. "Wasu turare suke kawowa, shi takarda. Ita ma sai ya tsince masu kyau."

"Masu kyau?"

"Waɗanda hoton ya fito tas. Abokinsa mai rajistar layi a Kwangila yake kai wa. Ni sai masu dishi-dishi."

Kailani ya karɓi damin takardun ya koma ciki, ya maka shi kan tebur.

"Ga tokarka!"

Ya tsare Sharfaddeen da ido.

"Ta Ukamaka fa?"

"Ta fito sosai, Yallaɓai," in ji Sharfaddeen a hankali. "Sharrin shaiɗan ne. Don Allah a rufa min asiri."

"Asiri? Mutum ɗari uku suka damƙa maka nasu, ka raba shi a titi da yaji!"

Aka sa masa ankwa, aka tura mota Kwangila a kamo abokin. Ana fitowa da shi Ukamaka, wadda ta biyo sufeton, ta sha gabansa.

"Kullum Mama kake ce min."

Ya kasa ɗaga kai.

"Madam, koma ki buɗe shagonki," in ji Kailani. "Ranar Alhamis shi zai tsaya gaban alƙali."