Bangon Ƙarƙashin Matakala

Gudumar birkila ta shige bangon ƙarƙashin matakala kamar ta daki kwali, sai ga wani ɗan ɗaki ya bayyana. A ciki akwai dogon buhu a ɗinke, a cikin buhun kuma ƙasusuwan mutum.

Ko da Sufeto ya iso, aikin gyaran tsohon kantin, wanda ya girmi duk gine-ginen tsakiyar gari, ya tsaya cak. Ya durƙusa ya duba. Ƙoƙon kan a fashe yake ta ƙeya. A ruɓaɓɓen aljihun rigar akwai ɗan gilashin nan da masu gyaran agogo ke maƙalawa a ido. Amma ɗinkin buhun ne ya fi ɗaukar hankalinsa: ƙanana a jere, ba aikin ɗan dako ba, kuma duk sun kwanta ne ta baibai.

Ya fara da mai ginin.

"Gado na ci, yallaɓai. Lokacin ko rarrafe ban fara ba. Da na sani, ni zan sa a fasa?"

Tsohon mai gadi ya ce, "Wurin nan da ƙofa ce. Na tafi jinya, na dawo na tarar an toshe." Sufeto ya dubi hannunsa, inji ya cinye yatsun tun yana saurayi. Wannan ba zai riƙe allura ba.

Birkila ya ƙara da cewa, "Tsohon telan nan na shagon gefe ya dame ni, wai kar in taɓa bangon, shi ke riƙe da matakala. Da rufi ya fara yoyo kowa ya tashi, shi ya ƙi."

A shagon telan Sufeto ya tarar da tsohon a zaune, wata mata tana kuka a gefensa.

"Babana mai gyaran agogo ne," in ji ta. "Cewa aka yi ya gudu ya bar mu. Inna ta mutu tana tsine masa. Wannan ƙanensa ne, shi ya riƙe ni."

Sufeto ya jingina da ƙofa, da gangan ya bari ƙusa ta yage masa aljihu.

"Kash! Baba, rufa min asiri, kar in koma ofis kamar wanda kare ya bi."

Tsohon ya jawo allura da hannun hagu. Ya ɗinke tsaf, ƙanana a jere, duk ta baibai. Sufeto ya ajiye guntun buhun kusa da aljihun.

"Hannu ɗaya ya yi waɗannan. Kai ka hana a taɓa bangon, kai ka ƙi tashi daga nan. Ba shago kake tsaro ba, Baba."

Allurar ta faɗi ƙasa. Tsohon ya dubi matar.

"Yayana ne ya mare ni a gaban mutane. Da aka watse na ture shi a matakala. Ban yi nufin ya mutu ba."

Matar ta daina kuka.

"Har da ni ake tsine masa, Baffa. Kana ji, kana ɗinka min kayan makaranta."

Ba ta ko kalle shi ba sa'ad da aka sa masa ankwa. Sai ta miƙa wa Sufeto hannu.

"In kun gama da gilashin, a ba ni. Na babana ne."