Bangon Malam Abarshi

Ruƙayyatu na shafa farar ƙasa a bangon gidansu Yusha'u ya fara ganinta. Wani kamfanin silima mai rassa a Kaduna da Zariya ne ya turo shi Birnin Gwari da motar majigi, a jikin bangon nan zai riƙa haska fim.

"Sannu da aiki, 'yammata."

Ko juyowa ba ta yi ba. "Kai ne mai inuwar? Matsa, ka tare min haske."

Kafin damina ta wuce ya zama Mai Inuwata, ita kuma Farar Ƙasata.

Babanta, Malam Abarshi, magini ne. Da aka kai masa maganar aurensu, tsaki ya ja. "Wannan mai hannun jariran? Gara Idrisu mai katako, shi ko ba komai yana gumi."

Ana cikin haka kamfani ya sayo sabon gilashi mai faɗaɗa hoto. Ranar gwaji jarumin fim ya fito a bango, hoton budurwarsa kuwa ya zarce bangon ya faɗa kan bishiyar ɗorawa. Manajan kamfanin ya yatsine fuska.

"Garin da ko bangon kirki babu! Funtuwa za a mai da motar, da kai duka."

Da safe Ruƙayyatu ta tare shi, idonta ja. "Tafiya za ka yi ka bar ni da mai katako?"

"Haba Farar Ƙasata. Bango ne ya yi kaɗan, kuma zan ƙara shi."

Ya kwaɓa ƙasa, ya jera tubali, abin ya fito a karkace. Malam Abarshi ya sa ƙafa sau ɗaya, ya zube.

"Wannan abin kunyar a jikin gidana? Kwaɓo ƙasa ka ga yadda maza ke yi."

Kullum zagi, kullum Yusha'u na bakin aiki hannuwansa duk sun yi kanta. Bango ya tashi, manaja ya ce ba laifi, na ƙauye ne. Mota ta zauna.

Yusha'u ya ajiye fartanya zai tafi.

"Ina za ka? Saura bango uku."

"Uku, Baba?"

"A cikin mota za ka ajiye min 'ya, sakarai?"

Bayan kaka aka ɗaura aure. Malam Abarshi ya dafa kan Ruƙayyatu.

"Allah ya yi miki albarka." Ya harari ango. "Har da shi."