Teburin da Ya Cinye Gado

A wani gari an yi wani mutum mai son haɗa teburin rubutu. Ya samo gungumen maɗaci, ya ga sai an sassaƙe, ya ce, "Kai, wannan aiki ne!"

Ya dubi kujerarsa, ya ce, "Ai ta tsufa." Ya cire ƙafafunta. Ya dubi ƙyauren ɗaki, ya ce, "Ai ya tsufa." Ya ɓalle shi. Gadonsu ma ya ce ya tsufa.

Tebur ya haɗu. Matarsa ta dawo daga unguwa, ta ɗauki matashinta, ta haye tebur ta miƙe.

Ya ce, "Haba! A ina zan yi rubutu?"

Ta ce, "Maigida, ga gungumenka can. Shi kaɗai ne bai tsufa ba."