Farin Goro a Bayan Kwamfuta

Da aka sauko daga masallacin Juma'a, Abdulfatawu ya koma situdiyonsa da ke bayan kasuwar Aboabo, ya tarar da ƙofa a kulle yadda ya bar ta. Kwamfuta na nan, makirufo masu tsada na nan, har wayar da ya manta a caji ba a taɓa ta ba. Abu ɗaya ne babu: wani ɗan baƙin diraif na ajiyar bayanai da bai wuce tafin hannu ba, wanda kullum yake maƙale a bayan kwamfutar.

Sajan Zuhuratu ce aka turo daga ofishin 'yan sanda. A ofis ana tsokanarta cewa ko ruwa ta saya sai ta tambayi mai ruwan daga wace rijiya, kuma ba ƙarya aka yi mata ba. Ta jingine babur ɗinta, ta shiga, ta tarar da mai situdiyo ya riƙe wuyan rigar wani siririn saurayi mai tabarau.

"Sake shi tukuna," in ji ta. "Me ke cikin diraif ɗin?"

"Madam, rayuwata ce a ciki."

"Ban da rayuwarka fa?"

Abdulfatawu ya saki rigar ya shiga bayani. Aikinsa haɗa kiɗa ne da wata manhaja da ake kira samfula: a naɗi sautin ganga ko goge a zuba mata, in an danna maɓallin kibod sai sautin ya fito kamar makaɗin yana ɗakin. Rumbun sautukan da ya yi shekaru yana tarawa duk yana cikin diraif ɗin. Amma abin da ya fi yi masa ciwo shi ne kiɗan lunga, kalangun ƙabilar Dagomba, na wani tsoho a unguwar Kaladan mai suna Baba Wumpini. Ba a daɗe da naɗarsa ba ciwo ya shanye wa tsohon hannun dama. Ba zai sake riƙe makaɗi ba, kuma babu kwafi ko ɗaya.

"Don me babu kwafi?"

"Gobe za a yi shi. Shi ya sa ma na kira wannan," ya nuna saurayin da baki, "ya sabunta min manhajar. Da safe ya taɓa, da rana ya ɓace. Ke ma ki haɗa."

"Su wa suka san inda makulli yake?"

"A saman ƙofa muke ajiye shi. Ni, da Latif ɗin nan, da Wahid mawaƙi, sai Fadilatu mai tace mana sauti."

Zuhuratu ta leƙa bayan kwamfutar. Wayar diraif tana nan an naɗe ta tsaf. A gurbinsa kuwa akwai wani ɗan ƙunshi na ɗanyen ganye. Ta warware, sai ga farin goro guda, babba, ko ƙwarzane babu.

"Kana cin goro?"

"Ni? Allah ya kiyaye. Ɗaci."

"Sauran fa?"

"Babu mai ci. Wataƙila ɓarawon ne ya yar."

Zuhuratu ta jujjuya goron a hannu. Kakarta goro ta sayar a Aboabo har ta rasu, don haka ta san mai ci a aljihu yake jefa nasa, da guntun da ya gatsa. Wannan zaɓarsa aka yi, aka wanke, aka naɗe. Ta sa shi a jaka, abin yana ta yi mata daɗi a rai, domin ta fi son ɓarawon da ke ba ta mamaki.

Ta fara da Latif, mai gyaran kwamfuta a unguwar Kanvili, wanda aka riƙe wa wuyan riga ɗazu.

"Me sabuwar manhajar ke yi da tsohuwar ba ta yi?"

Tambayar ta ɗan dawo masa da hankali. "Madam, tsohuwar sai ka zauna ka yanka sauti da hannunka. Wannan da kanta take yankawa. Ka ba ta dogon kiɗa, ta daddatsa shi, ta raba wa maɓallai, kowane da nasa. In ta gama sai ta ɗora rumbun a intanet, duk mai manhajar ya iya ɗauka."

"Na asalin fa, dogon?"

"Yankakken yake maye gurbinsa. Da safe gwaji kawai na yi da ƙarshen wani dogon kiɗa, na nuna musu. Gobe ne za a yi gaba ɗaya."

"Kowa ya ji ka faɗi haka?"

"Duk suna nan. Wahid har rawa ya yi."

"Kai ka ɗauka?"

"Madam, tun safe abin yana hannuna, su suna waje suna cin wake da shinkafa. In ina so ai kwafa zan yi in sa a aljihu, babu wanda zai sani har abada. Kuma duba nan." Ya juyo mata da fuskar kwamfutar. "In aka fizge diraif, manhajar tana ƙorafi da jan rubutu. Babu. Wanda ya cire shi sai da ya rufe rumbun, ya sallami diraif ɗin, sannan ya zare."

"Wato ɓarawo mai ladabi."

"Ya fi mai situdiyon ma. Shi fizgewa yake yi."

Wahid ya iso da baƙin gilashi da sarƙa a wuya, yana ƙamshin turare kamar an kifar da shago. Bai musa ba cewa sun yi cacar baki da Abdulfatawu a kan kiɗan lungar, don ya so ya kai shi wani situdiyo an hana shi.

"To ka samu hanya yau," in ji Zuhuratu.

"Haba Madam. Gobe fa zai hau intanet, ina kwance a ɗakina zan sauke. In saci abin da za a ba ni kyauta? Ni aka cuta ma. Akwai wani maɓalli da na samu da safe, wallahi, in kin ji daɗinsa. Na yi ta danna shi, har waƙa ta zo min."

"Zo ka rufe min rumbun nan a kwamfuta in gani."

Wahid ya dubi kwamfutar kamar an ce ya tuƙa jirgi. "Ni murya ce tawa."

Fadilatu tana zaune a lungu tun ɗazu, da abin sauraro rataye a wuya. A zangon Kumasi ta tashi, Hausarta ma ta can ce. Ta ce kanta ne ya yi ciwo ana cikin gwajin, ta fita, ba ta dawo ba sai da aka kira ta. Amsoshinta gajeru, ba ta ƙara ko kalma a kan abin da aka tambaya.

Zuhuratu ta zauna a kujerar mai situdiyo tana juyawa hagu da dama. Latif ba ya bukatar sata, Wahid bai iya ba kuma bai da dalili. Duk mai son kiɗan, jira ne ya fi masa sauƙi. Ashe ba wanda yake so ya samu za ta nema ba, wanda ba ya so a samu ne.

"Latif, gwajin da ka yi da safe, ya tafi da diraif ɗin?"

"A'a, wannan yana cikin kwamfuta."

"Wahid, nuna min maɓallin naka. Fadilatu, don Allah miƙo min ruwa."

Wahid ya danna. Lunga ta yi magana daga sifika, 'yar gajeruwar jimla, ta hau ta sauka. Ya sake dannawa yana gyaɗa kai, Abdulfatawu ya dafe goshi don baƙin ciki. Zuhuratu kuwa ba sifikar take kallo ba. Fadilatu na tsakiyar ɗaki da ledar ruwa a hannu, kuma da sautin ya fito gwiwoyinta suka lanƙwashe, kanta ya sunkuya, kamar yadda 'yar Dagomba ke rusunawa in babba ya kira ta. Nan da nan ta miƙe, amma an riga an gani.

"Wa ya kai ku wurin Baba Wumpini tun farko?" Zuhuratu ta tambayi mai situdiyo.

"Fadilatu ce ta ce ta ji labarin wani tsoho."

"To mu je mu gaishe shi. Ke Fadilatu, hau bayana. Kai biyo mu."

Suka kama hanya a babur. Da suka shiga Kaladan, Zuhuratu ba ta tambayi kwatance ba, sai ta rage gudu a kowace mararraba, Fadilatu kuma tana taɓa mata kafaɗar da za a bi.

Tsohon yana kan tabarma a ƙofar ɗakinsa, hannun dama a kwance bisa cinya. Suka durƙusa suka gaishe shi, ya amsa da "Naa, naa," irin amsar gaisuwar Dagomba, yana kallon rigar 'yan sanda ba tare da damuwa ba. Zuhuratu ta nemi izini ta leƙa ɗakin. Lungar tana rataye a ƙusa, don ba a ajiye ta a ƙasa. A ƙusa ta kusa da ita an rataye wani ɗan ƙunshi cikin farin ƙyalle, daidai tafin hannu.

Abdulfatawu ya leƙa ta bayanta, ya gane diraif ɗinsa ne a ƙunshin. "Fadilatu? Madam, yaya aka yi kika sani?"

"Wanda ya cire diraif ya san manhajar, wannan ya fitar da Wahid. Ya ɗauke shi ɗungurungum maimakon ya kwafa, wannan ya fitar da Latif, kuma ya nuna so ake a hana aikin gobe. Sai goro." Ta fito da shi. "Ɓarawo ba ya barin farin goro. Mai roƙo ne yake kawo shi, in zai karɓi abu mai nauyi daga hannun wani. Wanda ya yi wannan a gidan da ake girmama ganga ya samu tarbiyya, hannunsa ba zai iya ɗauka haka kawai ba ko da yana ɓoyewa. Saura in ga wanda kiɗan yake yi wa magana. Ku kun ji daɗinsa, ita kuwa amsawa ta yi." Ta juya ga Fadilatu. "Mene ne shi a wurinki?"

"Kakana ne. Shi ya haifi uwata."

"Me ya sa kika ɓoye?"

"A Kumasi jikar maroƙi suke ce min tun ina makaranta. Na saba yin shiru." Ta share ido da bayan hannu. "Dogon kiɗan nan ba na rawa ba ne. Sunayen iyayensa ne, daga na farko har kansa, kowa a bayan ubansa. In mashin ya yanka, ɗa zai zo kafin uba, a yi ta buga su a gidan giya. Na ce maka a bar wannan, Abdulfatawu. Ka yi dariya ka ce mashin ya fi mu sani."

Abdulfatawu ya sunkuyar da kai, don ya tuna ya faɗa.

Saura abu ɗaya da ke cin Zuhuratu, kuma ba ta iya barin tambaya a ciki. "Wanda Wahid ya yi ta dannawa fa, sunan wa ne?"

Fadilatu ta dubi kakanta. Tsohon ne ya amsa, da Hausarsa ta kasuwa.

"Nata ne. Ba ni da ɗa namiji da ya ɗauki ganga. Mace ba ya kaɗa lunga, ba a sa shi a layi. Amma yarinyan nan ya kawo mashin ya riƙe muryana. Sai na sa shi a bayana." Ya dubi Zuhuratu. "Ya bar goro a wurin?"

"Ta bari, Baba."

"To ba sata ba ne. Roƙo ne."

"Doka ba ta san goro ba, Baba," in ji Zuhuratu, ko da yake ranta bai so faɗin haka ba. "Mai kaya ne zai ce." Ta miƙa wa Abdulfatawu ƙunshin ganyen. "Naka ne, a wurinka aka bar shi. In ka mayar mata, mu wuce ofis da ita."

Abdulfatawu ya dubi goron a tafinsa. Sannan ya durƙusa gaban tsohon, ya ɓare shi, ya jefa ɓari guda a baki. Fuskarsa ta yamutse don ɗaci, amma ya tauna har ya haɗiye.

"Dogon ba za a taɓa shi ba," in ji shi. "Kuma Latif zai yi masa kwafi yau, in ya yarda ya sake yi min magana."

Zuhuratu ta ce ba za ta tafi ba sai ta ji abin da ya hana ta cin abincin rana. Aka aro kwamfutar maƙwabci, Fadilatu ta sauko da ƙunshin, ta kunna kiɗan tun daga farko. Lunga ta cika tsakar gidan, suna bayan suna. Hannun dama na tsohon bai motsa ba, amma na hagu yana ta matse haƙarƙarinsa yana saki, a inda ganga ta saba zama. Da aka zo jimlar ƙarshe Fadilatu ta rusuna har ƙasa, kuma wannan karon ba ta yi saurin miƙewa ba.